Takalman Kofur Hamajoɗa

"Ba wannan ba," in ji Nicodemus, ya mayar da takalmin kan tulin. "Wannan na yaƙin jiya ne. Dubi gindinsa, roba ce."

Bawa mai gwanjo ya ɓata rai kamar an taka masa yatsa. "Haba Ticha! Soja ya sa shi, soja ya kawo shi. Wane irin kake so kuma?"

"Na tsofaffin soja. Fata mai gurza-gurza, ƙusoshi a tafi, ƙarfe a dunduniya kamar kofaton doki. Wanda in an taka ƙasa za a ji."

A lokacin yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kasuwar Jimeta ta cika da takalman soja, sai dai duk marasa murya ne. Shi kuwa Nicodemus murya yake nema. Malamin firamare ne, mutumin Numan, kuma shi ya tsara wasan da makarantarsu za ta yi ranar bikin 'yancin kai. Ya ga jarumai masu tashi sama a littattafan zane na Turawa, sai ya ƙago nasa, ya raɗa masa suna Kyaftin Tsawa, wanda zai tare ambaliyar Binuwai da ƙirjinsa. Ya kuma ba kansa wannan matsayi ba tare da ya yi shawara da kowa ba. Tela ya ɗinka masa jar alkyabba. Tashi sama dai ba zai yiwu a kan teburan aji da aka jera ba, don haka dole takalmi ya yi aikin tsawar.

Bawa ya yi tsaki, ya zura hannu ƙarƙashin wani buhu, ya jawo wasu takalma da aka ɗaure da igiyarsu. "To ga na kakanka. Wani tsohuwa ya kawo, ba wanda ya taya."

Nicodemus ya juya su. Ga ƙusoshin, ga ƙarafan. Na dama aikin Turawa ne, sumul. Na hagu ya fi kauri, ana ganin alamar guduma a jikinsa. Fatar ta sha mai har ta yi laushi kamar ta jakar mai magani. Bai tsaya tambayar wace tsohuwa ce ba, hankalinsa yana can kan dandamali. Suka yi ciniki, ya biya, ya rungumo abinsa.

Duk wannan sani na takalmi ba a littafi ya same shi ba. A gidan hayar da yake zaune a Gwadabawa, ƙofar ɗakinsa tana kallon ta Baba Hamajoɗa, tsohon kofur da ya yi yaƙin Bama. Ƙanwarsa, Gogo Sabuwa, ita ke kula da shi. Tun farkon damina tsohon bai taka tsakar gida ba. Ɗakin ba kwaɗo, asabari ne kawai, shi ma a naɗe yake. Kullum yana zaune a bakin gado yana fuskantar ƙofa, ƙafafunsa tsirara a kan tabarma. Da yamma Nicodemus kan zauna a dokin ƙofar su yi hira, kuma hirar ba ta wuce fareti da takalmi.

"Baba, fito mana ka sha iska," ya taɓa ce masa.

"Soja ba ya fita ba takalmi, Ticha. Saje ya gan ka, sai kulle a gadirum. Sabuwa ya kai nawa gyara, mai gyaran bai gama ba."

Nicodemus ya yi dariya a ranar, ya ɗauka ciwon ƙafa ne tsohon yake ɓoyewa.

Da ya dawo daga kasuwa, sai ya zaga bayan gida da ragowar jan fentin ƙofar makaranta, ya shafe takalman tas. Jarumi mai jar alkyabba ai ba zai sa baƙin takalmi ba. Ana jibi biki fentin ya bushe. Bayan la'asar ya zura ƙafafunsa, ya ja igiya, ya fito tsakar gida yana takun ƙasaita. Na dama ya ce ƙwas, na hagu ya ce ƙwal.

Wata murya ta fito daga ɗakin da ke gabansa, mai ƙarfin da bai taɓa ji ba.

"Wa ke tafiya da ƙafata?"

Gogo Sabuwa ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta dubi ƙafafunsa, jan fenti bai ruɗe ta ba ko kaɗan. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi zaure.

"Cire! Cire, Ticha, don girman Allah! Duk kasuwan Jimeta ba ka ga wani ba sai wannan?"

A nan ta faɗa masa abin da bai sani ba, domin ya tare a gidan ne bayan an yi shi. Kan Hamma, haka take kiran yayanta, ya fara juyewa tun bara. Da zarar ya sa takalman sai ya kama hanya yana maci. Karo na ƙarshe masunta ne suka tsince shi a bakin tafkin Njuwa, cikin laka har gwiwa a tsakiyar shinkafa, yana sara wa tsuntsaye. Ta ɗaure ƙofa da igiya, ya tsinka. Ta sa kwaɗo, ya ɓalle shi da ƙafar gado. Ranar da ta ɗauke takalman kuwa, sai ya zauna.

"Ban so sayarwa ba," ta ce tana share ido da gefen zani. "Amma in yana nan cikin gida, shi yi kuka, ni zan ba shi. Na san kaina. Kar ka bari shi gani, Ticha. Shi fita, shi faɗa ruwa, wa zan ce ya kashe shi?"

Nicodemus ya yi mata alkawari. Ya koma ɗakinsa da takalman a ƙarƙashin riga.

Bai iya ƙin zuwa hirar yamma ba, don ƙofofin suna kallon juna. Ya tarar da tsohon ya matso har bakin tabarma, yatsun ƙafarsa sun kusa taɓa dokin ƙofa, amma ba su taɓa ba.

"Na ji su," in ji Baba Hamajoɗa a hankali. "Na hagu, ƙarfensa ya faɗi a daji. Maƙerin Yola Gari ya buga mini wani da bakin galma. Ko cikin bataliya zan gane shi." Ya dubi zaure. "Ba zan yi nisa ba, Ticha. Bakin titi kawai. In ga mutane suna wucewa."

Ba hauka a idonsa a wannan yammacin, kuma abin da ya fi damun Nicodemus ke nan. Ya duba wajen madafa, ya ga Gogo ta daina tuƙi tana saurare. In ya ce babu takalmi, ya yi wa tsoho ƙarya ido da ido. In ya kawo, ya karya alkawari, ga kuma jan fenti da ba shi da bakin bayaninsa. Akwai wani dalilin kuma, wanda bai so ya kalla ba: yana son takalman nan ranar biki, yana so ƙwarai.

"Bari a gama biki, Baba. Jibi da yamma. Ni da kaina zan riƙe ka mu fita."

"Oda ce?"

"Oda ce."

Tsohon ya gyara zama, ya ɗaga hannu ya sara masa. "To, Sa."

Nicodemus ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Ya lallashi kansa da cewa kwana biyu ba wani abu ba ne. Zai shawo kan Gogo, zai wanke fentin, su fita su biyu, hannu cikin hannu, har gindin mangwaron bakin titi. Washegari duk lokacin da ya ratsa tsakar gida sai ya sunkuyar da kai, amma yana jin idon tsohon a bayansa.

Ranar biki ya fita da takalman a cikin buhu, yana sanɗa kamar ɓarawon kaza. Wasa kuwa ya yi kyau, ba a cewa komai. Da Kyaftin Tsawa ya diro kan teburan nan, ƙarar ta sa wata uwa ta ja ɗanta baya. Yara suka yi ta ihu, hedimasta ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Nicodemus ya manta da kowa na ɗan lokaci, kuma ya ji daɗin mantuwar.

A hanyar gida ya tsaya ya sayi kananzir a kwalba don wanke fenti. Yana shiga layinsu ya hango tabarmi a ƙofar gida, maza zazzaune, ba mai magana da ƙarfi. Ya tsaya cik, buhu a kafaɗa, jar alkyabba tana leƙowa daga bakinsa.

Gogo Sabuwa tana zaune a tsakar gida cikin mata. Da ta gan shi ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi faɗa ba.

"Bayan azahar ne," ta ce. "Na kawo masa kunu, na same shi zaune yadda yake zama. Tun da safe ya sa kakinsa, ya ɓalla maɓalli har wuya." Ta dubi buhun. "Ya sa safa, Ticha. Ban ma san yana da safa ba."

An riga an yi masa sutura. Nicodemus ya raɓe jikin bango lokacin da maƙwabta suka ɗauko makara. Suka tsallake dokin ƙofar, suka ratsa tsakar gida, suka bi ta zaure. A bakin titi masu keke suka sauka, masu tafiya suka tsaya suna kallon Kofur Hamajoɗa yana wucewa. Nicodemus ya bi bayan jama'a har maƙabarta, ya tsaya daga nesa har aka gama.

Da ya dawo, rana ta yi ƙasa. Ya zauna a dokin ƙofar da ya saba zama, ya jiƙa tsumma da kananzir, ya hau goga. Fentin yana fita da ƙyar, hannuwansa suka yi jawur. Can sai Gogo ta shiga ɗakin, ta fito da wani ɗan gwangwanin baƙin man takalmi da burushi wanda gashinsa ya kusa ƙarewa, ta ajiye a gefensa.

Ya goga har fatar ta dawo baƙa, sai ɗan ja da ya maƙale a cikin ɗinki ya ƙi fita. Gogo ta karɓi takalman, ta sunkuya, ta jera su a bakin ƙofar ɗakin daga waje, na hagu a hagu, na dama a dama, hancinsu yana kallon zaure. Sannan ta saki asabarin, ta koma wajen mata.