Cibiyar Jaririya

"Ja igiyar, ɗan birni! Ko so kake mu kwana a ruwa?"

Anelio ya ja. Yana tsaye a bakin kwalekwalen, ya rataya jikinsa waje don kada iska ta kifar da su, ƙyallen jirgi kuwa ya cika ya yi tumbi. Surukinsa, tsoho Belisario, yana zaune a baya da filafili, bakinsa bai huta ba tun da suka bar gida.

A aljihun rigar Anelio akwai ɗan ƙulli, bai kai goro girma ba. Cibiyar 'yarsa ce, wadda ta faɗi shekaranjiya. A gidan matarsa Briseida, kowace cibiya sai an kai ta can tsibirin kakanni an binne ta da tsiron kwakwa. Wadda ta ɓata a ruwa, in ji tsofaffi, mai ita ba ta da wurin zama a duniya.

Matsalar ita ce tsohon ya daɗe bai je ba, tsibiran kuma duk kamarsu ɗaya. Sun sauka a wani, sai tsuntsaye. A na gaba wata tsohuwa ta fito daga bukka, ta ba su dafaffiyar ayaba da kifi, ta yi wa Belisario dariya son ranta.

"Kai da ke cika baki a taro, ka manta hanyar gidan surukanka?"

"Ban manta ba, yaya. Yaron nake nuna wa ƙasa."

Ta nuna musu gabas da haɓa.

Da suka hango tsibirin, ruwa ya juya daga shuɗi zuwa kore, igiyar ruwa na fashewa fari fat a kan duwatsu. Ƙofar shiga 'yar siririya ce.

"Nan nake wucewa ido a rufe," in ji tsohon. "Ka ji tsoro ko? Yi magana mana!"

Anelio bai ce uffan ba.

"Kai, 'yata ta auro min kurma!"

Bai rufe baki ba ruwa ya ɗaga su ta gefe ya juye kwalekwalen. Tukunya ta tafi, hular tsohon ta bi ta. Da suka miƙe, ruwan iya ƙirji ne. Belisario ya yi kan Anelio, ya cusa hannu a aljihunsa. Wayam. Fuskar tsohon ta sauya, ya fara lalube cikin ruwa da hannu biyu.

"Jikata... me zan gaya wa kakarta?"

Anelio ya taɓa kafaɗarsa. Ya buɗe baki a hankali, ya zaro ƙullin daga kumatunsa.

"Tun da na ga farin ruwan nan na sa shi, Baba."

Tsohon ya kalle shi, ya fashe da dariya har da tari.

Tsiron kwakwar da suka ɗauko ya riga su isa gaɓa, ruwa ya kai shi. Suka binne cibiyar kusa da doguwar bishiyar kwakwar da aka shuka da cibiyar Briseida, Anelio ya danna yashi da tafin hannu.

Da suka kwashe ruwan kwalekwalen, Belisario ya miƙa masa filafili, ya je da kansa ya kama igiya.

"Kai za ka tuƙa," ya ce. "In kakar jaririyar ta tambayi hulata, ka ce iska ce."