Alamar Rufewa

Ofishin bayanan ɗalibai yana can ƙarshen dogon baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru, kuma ko da rana tsaka sai an kunna fitila. A nan Auta take aiki. Sunan gida ne ya biyo ta har ofis, ta yi faɗa ta gaji ta haƙura.

Aikin da aka ɗora mata a wannan zangon shi ne juya tsofaffin bayanan kwalejin zuwa sabon tsarin da manyan makarantu suka amince su riƙa aika wa juna sakamakon ɗalibai da shi. A da ɗalibi ne ke zarya da ambulan, yanzu kwamfutar wannan makaranta ce za ta miƙa wa ta waccan. Mai Gilashi ne ya koya mata, abokin aikinta da aka tura kwas ya dawo yana jin kansa kamar shi ya ƙera kwamfutar. Ya ce abin ba wuya, kwano ne da murfi. Kowane bayani, suna ne ko darasi ko maki, sai ka sa masa alamar buɗewa a gaba, ka sa ta rufewa a baya, mai ɗan karkataccen layi. Ɗalibi ɗungurungum ma haka ne: ka buɗe shi, ka zuba abin da ya karanta, ka faɗi yadda ya bar makaranta, sannan ka rufe shi. In ba a rufe mutum ba, kwamfuta ba ta da hankalin ganewa, duk wanda ya biyo bayansa sai ta ɗauka a cikinsa yake.

Auta ta ce ita da take rufe tukwanen gidansu tun tana firamare, ba shi zai koya mata murfi ba.

Ranar da za a tura fayil ɗin farko, manhajar da ke tantance shi kafin ya fita ta yi fatali da shi. Auta ta buɗe ta duba. Sunayen da ya kamata su jeru kafaɗa da kafaɗa duk sun karkace gefe, sun shige ƙarƙashin mutum guda. Waɗanda suka gama bana, da na bara, da waɗanda 'ya'yansu ma sun fara makaranta, kaf suna cikinsa. Ta yi ta jan shafin sama tana tsaki, tana neman wanda ya haɗiye mata jama'a, har ta iso kansa. Sunan Yayanta ne.

Yaya ya fita wata safiya da jakar littattafansa zai je aji a kwalejin nan, tana 'yar ƙarama a lokacin, kuma bai dawo ba. Ba gawa, ba labari. Duk ɗalibin da ya daina zuwa, ofis kan rubuta masa cewa ya janye, amma Mama ta hana a yi wa ɗanta haka. Kowane zango sai ta zo ta zauna a bencin barandar nan, ba ta kuka ba ta faɗa, har tsohon magatakarda ya gaji ya bar gurbin ba komai. A gida ma haka take. Ba a sa wa ƙofar waje sakata, ƙofar ɗakinsa kuma an bar ta a buɗe, an tokare ta da dutse. Wata gwaggo ta taɓa yin kuskuren ce masa marigayi, rabonta da gidan ke nan.

To manhajar da Mai Gilashi ya kawo don juya bayanan ba ta rufe ɗalibi sai ta ga yadda ya bar makaranta. Da ta iso kan Yaya ta tarar ba komai, sai ta wuce ta bar shi a buɗe.

Auta ta sa alamar rufewar da hannunta, ta sake gwadawa. Aka dawo mata da shi, wai sai an faɗi dalili. Tsarin kuwa dalilai huɗu kawai ya sani: ya kammala, ya janye, ya koma wata makaranta, ya rasu. Waɗanda suka zauna suka tsara abin, Allah ya shirye su, ko gurbin "ba a sani ba" ba su bari ba.

Shugaban ofis ya leƙo ya ce yana son fayil ɗin ya fita kafin a tashi, akwai yaran da gurbin karatunsu ke jiran sakamakon nan. Mai Gilashi, da bai san komai ba, ya ce ta danna ya janye mana a wuce wurin, ko saurayinta ne take tausaya masa? Ta gaya masa ko waye. Ya cire gilashin ya shiga gogewa da bakin riga.

Ya janye ƙarya ce, Yaya bai taɓa janyewa daga komai ba. Ya rasu kuwa, hannunta ƙi ya yi. Ta ji tsoro, tsoro na gaske, kamar in ta danna ita ce ta kashe shi, kuma da wane ido za ta kalli Mama? Sai ta zaɓi ya koma wata makaranta. Nan ma akwai sharaɗi, sai an sa lambar makarantar da za ta karɓe shi. Auta ta buɗe alamar lambar, ta rufe ta, ba ta sa komai a tsakani ba. Ta san za a ƙi. So ma take a ƙi, ta ce ta yi iya yinta, wani ya zo ya yanke hukuncin.

Fayil ɗin ya wuce sumul. Sunayen suka dawo layinsu ɗaya bayan ɗaya, Yaya ya koma mutum guda a cikinsu.

A tsarin, duk makarantar da ta samu nata sai ta maido da shaida. Suka fara shigowa, kowace da sunanta da lambarta. Ta ƙarshe ta shigo ba suna, ba lamba, sai lambar ɗalibtar Yaya da kalmomi biyu: an karɓa.

Mai Gilashi ya jawo kujera ya duba ta nan, ya duba ta can. Ya ce hakan ba ya yiwuwa, abin da ba a sa masa adireshi ba ba ya zuwa ko'ina, balle a amsa. Ya faɗa har sau biyu, na biyun muryarsa a ƙasa. Fanka na juyawa, amma Auta ji ta yi ɗakin ya yi tsit kamar an toshe mata kunne. Ta kashe kwamfutar ta ɗauki jakarta.

Rana ba ta faɗi ba ta isa gida. Ta tura ƙofa yadda ta saba, ƙofa ta ƙi. Tunda ta yi wayo ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar gidansu ba sai ranar.

Mama ta zare sakata ta buɗe mata. Idonta a bushe, hannunta da kumfar sabulu. Ta bayan kafaɗarta Auta ta hango ɗakin Yaya a rufe, dutsen kuma an ajiye shi gefe, jikin bango, tsaf.

"Ba ni na rufe ɗakin ba," in ji Mama. "Ina wanke-wanke na ji an ɗaga ta an ja. Kin san tana gogar ƙasa, shi kaɗai ya iya ɗaga ta."

Auta ta jingina da bango.

"Duk shekarun nan ina jin motsinsa a ciki, ban gaya miki ba ne don kada ki ce na zare. Yau na ji takunsa ya bi ta nan ya fita. Na leƙa ta taga na duba, shiru, ɗaki ne kawai. Sai na zo na sa wa ƙofar waje sakata." Ta goge hannu a zaninta, ta dubi 'yarta ba fushi, kamar mai tambayar hanya. "Auta, ke ce a makarantarsu. Ina aka tura shi?"

Auta ta tuna gurbin lambar makarantar da ta bari ba komai. Mama ta tsaya tana jiran amsa, ruwan famfo na ta zuba a kwanon da ta bari.