Ganyen da Hansai Ta Tsinta a Hanya

Hansai ta sunkuya ta ɗauki reshe na bakwai, ta karkaɗe masa ƙasa, ta ɗora a kan 'yan'uwansa. Ganyen ceɗiya ne ɗanye shar, sabon sara, ko farin ruwan jikinsa bai bushe ba. A tsakiyar bazara fa, lokacin da akuyarta ta kai ga cin tsumma don yunwa.

Kada wani ya ce sata ta yi. Sai da ta tsaya a bakin hanyar motar nan da ta fito daga Kano ta nufi gadar Wudil, ta duba gabas ta duba yamma, ta yi cigiya har sau uku kamar yadda aka koya mata tun tana yarinya, ba wanda ya amsa. Ta yanke a ranta cewa daga bayan jakin wani malalaci ya zubo. Ta dai ɗan yi mamakin yadda rassan suka faɗo a jere, kowanne da tazararsa, amma ta ce ƙila jakin ne mai tsari. Wata biyu ke nan da ta taso daga Utai bayan ta fita takaba, ta zo Sabon Garin Wudil zama gidan ƙanenta. Ba ta taɓa shiga mota ba. Abin da ta sani game da mota shi ne, in ka ji ta, ka kauce.

Ta ɗaure rassan ta aza a ka, ta bar hanyar tun kafin kwanar da ke gaba, ta gangara ta wata 'yar siririyar hanya mai ratsa gonaki. Ba ta yi nisa ba ta ji wani ƙugi ya tsaga bayanta. Kafin ta juyo da kayan da ke kanta, abin ya wuce, ɗan ja-ja kawai ta gani. Sai kuma ƙara, kamar an jefar da tukwanen duniya gaba ɗaya. Ta ɗaga ido sama ko hadari ne ya taso, ta ga sararin fes. Ta yi salati ta ci gaba da tafiya, tana gode wa Allah da ya ciyar da akuyarta yau.

Bayan azahar Barakatu dillaliya ta yi sallama. Barakatu kuwa zannuwa take ɗaukowa a ka, amma ainihin hajarta a baki take, kuma kyauta take rabawa. Ko tabarma ba ta jira ba, ta kifa turmi ta zauna daf da turken akuya, ta fara zazzagewa.

Ashe Ɗan'auta ne ya mutu, autan Alhaji Babba mai sayen gyaɗa a Kano. Duk Wudil an san motarsa, 'yar ƙarama ja, marar rufi, mai kujera biyu tak, da dogon baki kamar ta yi fushi. Masunta sun sa mata suna Kwalekwale. Wai wani Baturen kanti ne ya sayar da ita da zai koma gida, kuma wai a ƙasarsu ba a zuwa unguwa da irinta, tsere ake yi. Duk ranar kasuwa sai Ɗan'auta ya zo da ita, ba don saye ko sayarwa ba, don dai a gan shi. Barakatu ta lissafa 'yan matan da suka taɓa zama a kujera ta biyu, har da wata da ba budurwa ba, amma wannan mu bar shi, tun da mai motar ya riga mu gidan gaskiya.

Yau dai ya sha kwanar nan a guje, ya tarar da lori a tsaye, ƙafar baya ta cire, shaƙe da buhunan gishiri. Kwalekwale ta shige ƙarƙashinta har rabi. Shi kaɗai ne a ciki, kuma ko shurawa bai yi ba. 'Yan doka sun kama direban lorin, wani Isyaku, wanda ya koyo tuƙi a soja lokacin yaƙin Bama. Ana cewa gobe za a wuce da shi Kano, kuma wanda ya jawo mutuwar ɗan mai arziki irin wannan, sai dai 'ya'yansa su girma ba shi.

Hansai ta tambayi laifinsa, tun da shi a tsaye yake aka zo aka same shi.

"Ke dai baƙauya ce, Yaya Hansai," in ji Barakatu. "In mota ta lalace a hanya, dole direba ya saro ɗanyen ganye ya jera tun daga nesa, don na baya ya gani ya rage gudu. Kowa ya san wannan. Shi kuwa sai rantsuwa yake wai ya jera har reshe bakwai. An duba, ko tsinke babu. Maƙaryacin banza."

Tana faɗar haka tana ture kan akuyar da ke neman cin gefen mayafinta, ga ganyen ceɗiya cike da bakin dabbar, amma Barakatu ba ta gani ba. Ita kunnenta ne ke aiki, idonta hutu yake.

Hansai ta ƙura wa bakin akuyar ido. Ba ta san lokacin da Barakatu ta yi sallama ta fita ba. Ta tsuguna ta kwashe sandunan da akuya ta gama tsiga, ta tura su cikin murhu, ta ɗauko ashana. Ba wanda ya gan ta a hanya. Minti kaɗan su zama toka, ta dafa tuwonta da su ma. Ta tuna labarin gidan yarin Kano, inda aka ce ana aske wa mata kai. Ta ƙyasta ashana, ta riƙe har wutar ta lashi yatsanta, ta yar. Ta ƙyasta ta biyu. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne rantsuwar mutumin. Da Allah ya rantse, jama'a suna ce masa maƙaryaci, kuma duk faɗin ƙasar nan ita kaɗai ta san gaskiya ya faɗa, sai fa akuya.

Ta hure ashanar, ta zaro sandunan daga murhu, ta ƙirga su bakwai, ta naɗe a tsohon zane. Ta leƙa ta gaya wa matar ƙanenta cewa in ba ta dawo ba a riƙa ba akuya ruwa sau biyu. Matar ta ɗauka tsufa ne, ta ce to.

A gaban ofishin 'yan doka mutane sun yi cincirindo a inuwar wani durumi. An riga an yi wa mamacin sutura, ana jiran la'asar a sallace shi, don mahaifinsa ya ce a nan Wudil za a rufe shi, ba zai wahalar da gawa a hanya ba. Alhaji Babba na zaune a kan tabarma, dattijo siriri mai farin gemu, carbi a hannu amma ba ja yake ba. Can gefe ga Isyaku a ƙasa, hannuwa a ɗaure, rigarsa duk baƙin mai. Saje Sabo, shugaban 'yan dokan wurin, yana tsaye a kansa da kulki.

Hansai ta ratsa maza tana ba da haƙuri, ta durƙusa nesa kaɗan, ta yi wa Alhaji gaisuwar rashi yadda ya kamata, ba ta rage komai ba. Sannan ta kwance zanen ta jera sandunan a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ga ganyen direba. Ni na kwashe. Akuyata ta cinye ganyen, ga abin da ya saura."

Wani daga baya ya soma dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari. Isyaku ya ja gwiwa ya matso, ya ƙura wa sandunan ido, ya ce a duba gindin kowanne, za a ga saran ya karkace, don addarsa tana da giɓi. Saje ya aika aka ɗauko addar daga lori, aka gwada, ya zauna daidai. Isyaku ya kifa goshinsa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Saje Sabo kuwa ya hau faɗa. Ya ce ita ce ta kashe mutum ke nan, ya ce wace irin tsohuwa ce za ta ga ganye a jere ba ta yi tunani ba, ya ce a kawo igiya. Hansai ta ce ta yi cigiya sau uku. Ya tambaye ta wa ta yi wa cigiyar, itatuwa? Ta miƙa hannuwanta biyu, tun da dama ta yi sallama da akuya.

"Saje, dakata," in ji Alhaji Babba. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji. Ya tambayi Isyaku taku nawa ne daga reshen farko zuwa lorin. Isyaku ya ce kamar sittin. Alhaji ya jinjina kai.

Daga nan ya ba da labarin da ko Barakatu ba ta da shi. Ranar da ya sayi motar, Baturen ya kira tafinta ya ce a gaya masa da kyau, wannan mota in ta ɗauki gudu, taku ɗari ba ya isarta tsayawa, kuma ba a yi ta don hanyar da jakai da shanu ke bi ba. Ya ce kada a ba yaro. Alhaji ya ce to, ya zo gida ya miƙa wa autansa makulli, don tun da uwar yaron ta rasu bai taɓa iya ce masa a'a ba. Bara yaron ya take tunkiya a hanyar Gaya, aka kawo ƙara, shi Alhaji dariya ya yi.

"Da ganyen yana nan, ƙila ya gani ya tsira. Ƙila kuma ko gani ba zai yi ba. Ban sani ba, baiwar Allah, ke ma ba ki sani ba. Abin da na sani shi ne hannun da ya ba shi makulli, ga shi nan." Ya ɗaga hannunsa na dama ya duba, ya mayar kan cinya. "Jinin ɗana nawa ne, kuma na yafe. Na yafe wa direba, na yafe mata. Saje, in za ka rubuta wa Kano, ka fara da sunana."

Saje ya yi 'yan gunaguni, ya ce sai alƙali ya ji, kuma sai an sa hannu a takarda. Alhaji ya ce zai sa. Aka kwance Isyaku. Ya miƙe yana murza wuyan hannu, ya zo ya tsuguna a gaban Hansai. Ta rufe fuska da mayafi, tana jiran zagi, don ta san ta ci a zage ta.

"Iya, ke kika jefa ni, ke kuma kika fid da ni," in ji shi. "Na farkon ba ki sani ba. Na biyun kina sane. Allah ya saka miki da alheri."

Ta ce ya daina, kunya yake ba ta. A ranta kuwa godiya take jerawa, ga Allah, ga wannan dattijo, har ga ashanar da ta ƙone mata yatsa.

Ladan ya kira la'asar, maza suka fara miƙewa. Hansai ta tattara zanenta za ta sulale, sai Alhaji ya yafito ta. Da ta matso ya rage murya, yadda su biyu kaɗai za su ji. Ya ce tun da tana kusa da hanyar, ita ce ta ƙarshe da ta ga yaron da rai. Yana so ya san yadda ta gan shi.

Ita kuwa me ta gani? Ɗan ja-ja, da ƙugi, shi ke nan. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, don yau da gaskiya ta fito, sai ta ga yadda carbin ke rawa a hannun tsohon.

"Da fara'arsa ya wuce, Alhaji," ta ce. "Har ya ɗaga mini hannu. Yaro mai gaisuwa."

"Haka yake," in ji Alhaji, idonsa ya kawo ruwa. "Haka yake tun yana ƙarami. Na gode, baiwar Allah. Na gode ƙwarai."

Ya dogara sandarsa ya bi sahun masu salla. Hansai ta tsaya har suka ta da kabbara, sannan ta juya ta kama hanyar Sabon Gari, tana tafe tana istigfari a hankali, ba tare da ta ji tana son janye maganar ba.