Hancin Muttaka

Muttaka ya danne goshinsa da ƙanƙara har motar ma'aikata ta tsaya a tashar jiragen ruwa ta Wakra, can ƙasar Larabawa, sannan ya jefar. Mai gadi ya auna zafin jikinsa, ya ce, "Yalla, wuce." Ya wuce.

Zazzaɓin ma da sauƙi. Tun jiya hancinsa ya mutu murus. Kamfanin kifi guda, wanda ƙarninsa ke tarar mutum tun daga titi, amma yau ko kaɗan bai ji ba. Kowa kuwa ya san alamar mece ce wannan. Ranar da aka samu Gafaru direba da korona, mota ta zo ta ɗauke shi, kafil, ubangidan da ya ɗauko su aiki, ya sa wani a gurbinsa, har yau shiru.

Kamfanin tsoho ne tukuf. Baba Iliasu, mutumin Zangon Kumasi da ya fi kowa daɗewa a nan, kullum sai ya ba da labarin maƙwabtansu, masu ƙanƙara da masu busar da kifi, da aka rushe aka yi wa baƙin gasar ƙwallon duniya wurin shan iska. Su kaɗai suka rage, da injin sanyinsu na zamanin da, wanda bututunsa kan yi yoyon gas mai shaƙe mutum. Shi ya sa kowace safiya mutum ɗaya ke fara shiga ɗakin sanyi ya shinshina kafin saura su bi. Aikin Muttaka ke nan, wai hancinsa ya fi na mage.

"Ɗana, shiga ka jiyo mana," in ji Baba Iliasu, yana ɗan tarinsa na mai asma.

Muttaka ya shiga, ya sauke takunkumi, ya zuƙi iska. Babu komai. Ya sake zuƙa. Sai idanunsa suka kawo ruwa. Innalillahi! Gas ne, ko kuwa kuka yake yi? Wallahi bai sani ba. Tsoro ya kama shi. Kalma ɗaya ce, ya ce lafiya, ya tsira da aikinsa.

Da ya fito, tsohon har ya ɗauki kwandon kifi ya nufo ƙofa.

"Yaya, mu shiga?"

Muttaka ya mayar da takunkuminsa, ya ja da baya.

"Kar kowa ya shiga, Baba. Ni ma kar ka matso kusa da ni."