Faifan da Ya Ƙi Mutuwa a Hanyar Gude

Ranar Laraba na kalli bidiyon ni kaɗai har sau uku, ko Baba zai canja magana. Bai canja ba. Ga shi nan da sandarsa, shekara guda kafin rasuwarsa, yana bin iyakar gonarmu ta Gude yana cewa, "Daga gamban nan zuwa rafi na Badaru ne. Ɗorawa kuwa ta Zailani ce."

Ni ne Badarun. Zailani ƙanena ne. Shekara biyu ina rantsuwa ɗorawar a gonata take, har na ce wa dagaci ya tara mutane ranar Asabar, ina da hujja a kwamfuta. Hujjar da tun da na ɗauka ban sake kallo ba sai ranar Larabar nan. Wayar da na ɗauka da ita kuwa ta daɗe a cikin rijiya.

Na ɗora yatsa zan goge, na kasa. Mutum ya goge ubansa da hannunsa? Amma in hanya ce ta kashe faifan kwamfutar, ai wannan ƙaddara ce.

Tsohon faifan kwamfutata, mai juyi yana ƙara kamar injin niƙa, sau biyu girgizar babur tana sumar da shi. Shi ya sa bara Lukuman mai gyara a Gwarzo ya sa min sabon faifai da ake kira SSD, ya juye komai a ciki. Da safiyar Asabar na kira shi.

"Lukuman, abin nan da ka sa min, girgiza tana yi masa illa?"

"Haba Malam Badaru, ba abin da ke motsi a cikinsa. Kwantar da hankalinka."

"Ko kaɗan?"

"Ko a bayan jaki ka ɗaura shi. Shi dai in zai mutu ba ya sallama, shi ya sa na ce ka ajiye kwafi a wani wuri. Ka ajiye?"

"Ban ajiye ba."

"To, Allah ya tsare."

Ban ce amin ba.

Na ɗaure jakar kwamfutar a bayan babur sakwa-sakwa, na baro Gwarzo, na bar kwalta na bi hanyar amalanke. Duk ramin da na gani sai na ba shi haƙƙinsa. Bayan Kabo jakar ta yi tsalle ta faɗi tim. Na koma ba gaggawa, na kara kunne. Shiru. To amma shi sabon faifan kullum shiru yake, ban san ko in yi murna ba.

A ƙofar gidan dagaci an cika tabarma biyu. Na danna maɓalli. Tsohon faifan kafin ya tashi sai ka shanye kwanon fura. Na fara shirya fuskar salati, ban gama haɗa gira ba allo ya kawo.

Muryar Baba ta fito tarau. Da aka zo kan ɗorawa wani ya yi tari. Zailani ko kallona bai yi ba, idonsa na kan allon, yana share hawaye da bakin riga.

"Yaya, a maimaita. Wurin da Baba ya yi dariya."

Na maimaita.

Dagaci ya gyara zama. "Malam Badaru, hujjar taka ke nan?"

"Ita ce, ranka ya daɗe."

"Allah ya yi maka albarka. Ba kowa ne zai goyo shaidar da za ta kayar da shi tun daga Gwarzo ba."

Kowa ya ce amin, ni ma na ce. Zailani ya ce in kalwa ta nuna zai aiko min da daddawa.