Ranar Gadin Direba

Mu huɗu ne muke zuwa fatsa tafkin da ke cikin filin shaƙatawa duk ranar Lahadi. Akwai Tela, akwai Hedimasta wanda ya yi ritaya amma har yanzu yake mana magana kamar 'yan aji biyu, akwai Direba mijin yayata, mai tuƙa bas ɗin ma'aikatan wata masana'anta, sai ni da suke kira Kafinta.

Wurin na kowa ne. Masu gudun motsa jiki suna wucewa ta bayanmu, iyaye suna zama a benci da 'ya'yansu, masu sayar da ruwan sanyi suna kai da kawo. Saboda haka muka yi tsari: in an kira la'asar, uku su tafi ƙaramin masallacin bakin ƙofa, ɗaya ya tsaya wa kaya, in an dawo shi ma ya je. Shekara biyar muna haka, ko ƙugiya ɗaya ba ta taɓa ɓata ba.

Sandar fatsar Tela ce ta fara tafiya. Muka dawo daga salla muka tarar da abin da yake kafa ta a kai, ita kuwa babu. Direba ne a gadi. Ya rantse ko motsi bai yi ba, kuma bai ga kowa ba.

"To aljanin ruwa ne ke nan," in ji Tela, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Bayan sati uku akwatin Hedimasta ya bi ta, da ƙugiyoyi da zare da ƙaramar wuƙarsa a ciki. Ranar ma Direba ne ya tsaya, kuma ba layinsa ba ne, shi ya nema, wai gwiwa ke damunsa. Da muke komawa gida Hedimasta ya ja ni gefe.

"Kafinta, surukinka ne, shi ya sa na yi shiru. Amma ka duba mini. Sata biyu, mai gadi ɗaya. Ranar da kai ka tsaya, me ya ɓata? Ranar da na tsaya fa?"

"Haba, Malam. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya zai tsaya satar ƙugiya?"

"Ban ce ya ɗauka da hannunsa ba. Kawar da kai ma aiki ne."

Na yi fushi, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Na fara lura da Direba yadda ban taɓa ba. Ya daina kallon mutum a fuska in ana magana da shi, sai ya riƙa kallon gefen kunnenka. Ya daina ɗaura ƙugiyarsa da kansa, sai ya miƙo mini, wai hannunsa yana warin man mota, kifi zai gudu. Jakarsa kullum a zuge, tana tsakanin ƙafafunsa. In aka ɗauko zancen satar sai ya tashi ya ce zai duba tana.

Ranar Laraba na je gidansu da guduma da kusoshi, na ce na zo gyara ƙyauren kabad ɗin da Yaya ta daɗe tana mini ƙorafi a kai. Na san ba ya nan. Na gyara ƙyauren cikin minti goma, sauran lokacin kuwa idona ya ci shi. Na leƙa bayan kabad, na leƙa ƙarƙashin gado, na buɗe ɗakin ajiya na ɗaga tsofaffin tayoyi da buhunan da ke jibge. Ina durƙushe a wurin Yaya ta tsaya a kaina da kofin shayi.

"Auta, ƙyauren ya gudo nan ne?"

"Katako nake nema."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta aje kofin a kan taga.

"In wani abu ka sani game da yayanka, ka gaya mini. Mutumin nan ya canza. In ya dawo daga aiki sai ya zauna shiru kamar an yi masa rasuwa. Jaridun da ba ya iya kwana bai karanta ba, ga su can an tara. Jiya na gyara wa kujera wuri, ya yi karo da ita, ya yi ta faɗa kamar na kashe mutum."

Na ce mata gajiya ce. A raina kuwa na ce, alhaki ne ya hana shi sakat. Na fito ina jin kunyar kaina, amma zargin bai ragu ba.

Lahadi na ɗauko sandata mai kyau, wadda na sassaƙa wa mariƙi da hannuna, na kafa ta nesa da shi kaɗan, kamar taku goma, inda duk mai wucewa zai gani. Da aka kira salla Direba ya ce gwiwa. Hedimasta ya kalle ni, na kawar da kai. Muka tafi mu uku, da muka kai wajen rumfar mai sayar da lemo na ce su wuce zan kama ruwa. Na zagaya ta bayan shingen furanni na tsuguna inda nake ganin wurinmu sarai.

Na daɗe har ƙafata ta yi sanyi. Direba yana zaune, ya riƙe sandarsa da hannu biyu, bai taɓa jakarsa ba, bai ɗauko waya ba. Wata mata ta wuce da keken jariri. Wasu samari biyu suka wuce suna gardamar ƙwallo, ɗaya ya kalli sandata, amma suka yi gaba.

Sai ga wani mutum cikin riga mai ƙyalli irin ta masu shara, da dogon buhu a kafaɗa da sandar tsintar leda. Yana tafe yana tsintar robobi, a hankali, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Tsayinsa kamar nawa. Ya zo daidai sandata ya tsaya. Direba ya juyo, ya dube shi ido cikin ido.

Na ce a raina, to, yau dai ga shi.

"Kafinta, har kun idar?" in ji Direba.

Mutumin ya ce, "Uhm."

"Duba taka, na ji kamar wani abu ya taɓa ta."

Mutumin ya sunkuya ya cire sandar, ya tsinke zaren, ya harhaɗa ta ya zura a buhu. Direba ya mayar da fuskarsa ga ruwa.

Ban san lokacin da na tsallake shingen ba. Na kwarara ihu, mutumin ya yar da buhun ya zura da gudu, ya bi ta cikin masu wasan ƙwallo, ya kama katanga ya dira waje. Ko fuskarsa ban riƙe ba.

Na dawo ina haki. Direba ya miƙe tsaye, yana juya kai hagu da dama.

"Wane ne? Me ya faru?"

Na tsaya daidai inda ɓarawon ya tsaya, na ɗaga hannu.

"Direba, yatsu nawa na ɗaga?"

"Wane irin wasan banza ne wannan?"

"Nawa ne?"

Ya laluba kujerarsa da hannu kafin ya zauna.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Na hagu ya kai shekara. Na daman ne ya fara bayan azumi. Kamar hayaƙi nake gani. Mutum in ya matsa kaɗan, sai tsayinsa kawai."

"Kuma ka bari muna maka kallon ɓarawo?"

"Na san abin da kuke faɗa, kunnena lafiya lau. Gara hakan. In Hedimasta ya ji, gari ya ji. In gari ya ji, ofis sun ji, su karɓe makullin bas."

"Mutum nawa kake ɗauka da safe?"

"Talatin da biyu. Hanyar na haddace ta, Kafinta, shekara goma sha tara. Fitilar motar gabana nake bi."

Na hango su Tela suna tahowa, sai Direba ya damƙi hannuna da ƙarfi.

"Don girman Allah."

Na ba su labarin ɓarawo, ban faɗi sauran ba. Muka zazzage buhun. Ban da sandata akwai wata da ba mu san mai ita ba, da takalmi ƙafa biyu, da abin naɗe zare, da robobin da ya rufe su da su. Babu ta Tela, babu akwatin. Hedimasta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kuma mutum ya zo gaban mai gadi ya ɗauki kaya hankali kwance, kamar ya san ba za a hana shi ba. To."

Muka kai buhun ɗakin mai gadin ƙofa. Ya ce su ba su da mai shara ranar Lahadi, bai taɓa ganin mutum mai irin wannan riga ba. Yana magana yana tura ƙyauren da ƙafa, amma kafin ya rufe na hango riga mai ƙyalli rataye a ƙusa. Tela ma ya gani, ya taka mini ƙafa. Mai gadin ya karɓi buhun ya ce za a yi cigiya. Har yau ba mu ji an yi ba.

Litinin da sassafe, kafin Direba ya fito, ina zaune a dakalin ƙofar gidansa. Ya fito da rigar aiki, ya kusa taka ni.

"Yau ba inda za ka sai asibiti," na ce. "Ko ka gaya wa Yaya da bakinka, ko in shiga in gaya mata, daga nan in wuce ofishinku."

Ya zage ni zagin da bai taɓa yi mini ba tun ina yaro. Yaya ta fito da ludayi a hannu tana tambayar lafiya. Ya tsaya tsakaninmu yana numfashi, daga baya ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa mata.

Likita ya ce yanar ido ce a duka idanun biyu, za a yi aiki ɗaya bayan ɗaya. Ofis suka ba shi hutu, suka ce in ya dawo sai an gwada idon kafin a san inda za a sa shi. Wata biyu bai yi mini magana ba, in na shigo sai ya juya wa bango fuska.

Bayan aikin farko Tela ya zo dubiya, ya yi ta ba da haƙuri har da hawaye. Hedimasta sai a rana ta huɗu ya zo, da ledar lemo. Ya zauna a bakin kujera, ya yi gaisuwa, ya dubi bandejin da kyau, har da karkata kai. Can ya ce wa Yaya ko akwai takardar asibiti a kusa. Ta kawo masa. Ya sa tabarau, ya karanta daga sama har ƙasa, ya juya bayanta, ya sake karantawa. Sannan ya ninke ta ya miƙa mata, ya gyara murya.

"Direba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Na yafe," in ji Direba. "Ɓare mini lemon."