Hannun Hagu da Ƙafar Dama

'Yata ta zo duniya da doka guda: ba ta barci sai a kafaɗata ta dama. An gwada gado, an gwada goyo, an gwada kafaɗar ubanta mai faɗin benci, ta ce ba ta san zancen ba. Ana kwantar da ita sai tumbuɗi da ihu. Likita ya ce za ta daina nan da wata uku ko huɗu, a dai riƙa riƙe ta a tsaye. Shi ya faɗi nasa ya kira na gaba, ni aka bari da hannu ɗaya.

Sana'ata kuwa ta hannu biyu ce. Manhajar kwamfuta nake rubutawa, kuma shekara uku ina gina wadda ƙananan asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita. Tun rubutunta bai wuce layi goma ba na san ta. Ranar da hutun haihuwata ya ƙare manajanmu ya kira ni, ya yi barka, ya tambayi jaririya, sannan ya sassauta murya. Na tsani wannan muryar, don ba a taɓa ba ni abin kirki da ita ba. Ya ce za a miƙa manhajar ga wani abokin aikinmu, ni in riƙa amsa saƙonnin kwastomomi daga gida kafin in samu kaina. Na san irin wannan "kafin", ba ya da ranar ƙarewa.

Na roƙi sati biyu. Akwai ɓangaren da ya rage, mai tura wa majiyyaci saƙon tunin ranar ganin likita. Na ce idan na gama shi zuwa Juma'a ta sama, a bar min kayata. Ya yarda, amma yardar wanda ya riga ya san amsa.

Ranar farko na yi awa biyu na rubuta layi goma sha ɗaya, huɗu a ciki da kuskure. Duk alamomin da muke amfani da su suna can gefen dama na kibod, allon maɓallan rubutu, kuma rabinsu sai an danne maɓallin Shif. Hannuna na hagu ya yi ta zirga-zirga kamar mai raba katin gayyata. Na yi kuka, 'yar ta taya ni.

Washegari na ajiye aikin, na buɗe fayil ɗin saitin editata, wato manhajar da nake rubutu a ciki. Shekara shida ban taɓa shi ba, yadda aka ba ni haka nake amfani da shi. Na ƙara girman haruffa, tunda yanzu a jingine nake zama. Na sa ta riƙa adana aiki da kanta, ta rufe duk alamar baka da na buɗe a rubutu, ta gudanar da gwaji duk lokacin da na dakata. Ƙarar da take yi idan an samu kuskure, wadda ta tayar min da yarinya sau biyu, na kashe ta, na maye gurbinta da zare a ƙasan allo: kore lafiya, ja akwai gyara. Jimlolin da nake maimaitawa kullum na ba kowacce haruffa biyu, in danna su sauran ya fito.

Kwana uku suka tafi a haka. Maigidana ya leƙo kafin ya fita aiki, ya tambaya ko manomin zai gama wasa fartanya kafin damina ta wuce. Na ce ya ɗauki 'yarsa minti goma ya gani. Ya tuna ya makara.

Babbar dabarar ita ce madubi. Na saita kibod ta yadda idan na danne dogon maɓallin ƙasa da babban yatsa, haruffan hagu za su koma na dama. Ya yi aiki, sai dai kafin azahar ta kwana na biyar wuyan hannuna ya kumbura, ko cokali da ƙyar.

Mamata ta zo taya ni zama a makon. Tela ce, shekara talatin tana kan keke, kuma ba ta iya ganin mutum yana aiki a karkace ta yi shiru. Ta tsaya a bayana da tsintsiya tana kallon yadda nake murɗa yatsu.

"Ke da ƙafafun nan me suke yi?" ta ce. "Ni hannuwana biyu na kan yadi, wa kike zaton ke tuƙa keken?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin cewa kwamfuta ba keke ba ce, na rufe. A ƙasan akwatin maigidana akwai tsohon kibod da shayi ya taɓa zubewa a kai. Mama ta ɓalle maɓallansa da bayan cokali ta bar uku, ta manna wa kowanne murfin kwalba don yatsan ƙafa ya same shi, ta ɗinka masa matashi kada ya zame a kan tayil. Ni kuma na zauna koya wa kwamfuta cewa wannan na ƙasa daban yake: ɗaya Shif, ɗaya Kwantirol, na tsakiya madubi.

Garin gaggawa na rubuta layi ɗaya ba daidai ba, na sake kunna na'urar, sai ga shi kibod biyun duk sun manta harafin "a". Kalmar sirrina tana da shi har uku. Na zauna a ƙofar kwamfutata kamar baƙuwa, Mama na dariya har da riƙe ciki. Da maus, linzamin kwamfuta, na lallaba, na buɗe kibod ɗin da ke fitowa a kan allo, na shiga. Tun daga ranar ba na canza komai sai na ajiye kwafin na jiya.

Kwana biyu ƙafata tana rigima da hannuna, a na uku suka shirya. Ban kai saurin da ba, amma na daina tunanin maɓalli, na koma tunanin aiki. Ranar Alhamis da la'asar zaren ya yi kore.

Juma'a da hantsi muka haɗu ta bidiyo, ni da manaja. Na nuna masa allona, komai na tafiya, har ya saka majiyyacin gwaji mai lambar waya biyu. Saƙo ya fita sau biyu maimakon sau ɗaya. A daidai nan yarinyar ta farka a hannun Mama ta buɗe murya. Manaja ya ce mu ɗage zuwa wani lokaci, da muryar nan tasa.

Na karɓi yarinyar na ɗora a kafaɗa, na ce ya ba ni minti goma, kada ya kashe. Yana kallo na nemo wurin, na rubuta gwajin da zai kama kuskuren, zaren ya yi ja, na gyara, ya koma kore. Minti bakwai.

"Da wane hannu kika yi wannan?" ya ce.

Na karkatar da kyamarar ƙasa, ya ga ƙafata a kan murafun kwalba. Sannan ya ce manhajar tawa ce, ranar Litinin mu tsara abin da ke gaba. Daɗi ya cika ni har na kasa godiya, hawaye kawai ke sauka a kan rigar yarinyar.

Bai kashe ba. Ya ce mai gwada mana manhaja, wadda za ta haihu wata mai zuwa, ta kawo masa takardar ajiye aiki jiya, kuma har ya yaba mata da ta yi tunani mai kyau. Takardar na kan teburinsa, bai sa hannu ba tukuna.

"Ko za ki tura mata fayil ɗin nan naki?"

Kafin in amsa Mama ta sunkuyo ta cika kyamarar da fuskarta.

"Ɗana, tambayo mana ita, da wace ƙafa ta fi ƙarfi."